Hajiya Hafsatu Abdulwahid da Rijiyar Ajinmu



Makonni uku da suka wuce aka ba ajinmu aikin insha'i mai taken "Garinmu". Kusan dukkanmu iri ɗaya muka rubuta. Mun faɗi sunan garinmu, mun ce yana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, mun ce mutanensa manoma ne masu noma gero da dawa da masara, mun rufe da cewa muna son garinmu ƙwarai da gaske. Babu ƙarya a ciki, amma in ka karanta na mutum ɗaya ka karanta na kowa.

Wata 'yar ajinmu ce kaɗai ta yi dabam. Ba za mu faɗi sunanta ba, domin ta roƙe mu. Ita sai ta sa rijiyar unguwarsu ta ba da labarin garin da bakinta. Rijiyar ta faɗi wadda ke fara jefa mata guga da asuba. Ta ce tana gane matan unguwa da muryarsu tun kafin su leƙo. Ta faɗi yadda fuskokin da ke leƙa ta suka canza, domin waɗansu sun daina zuwa, ga kuma baƙi da suka baro ƙauyukansu suna zuwa da jarkoki, ba su cika magana ba. A ƙarshe rijiyar ta ce har yanzu tana jiran wata yarinya da ba ta sake leƙowa ba tun bara. Ba ta faɗi abin da ya sami yarinyar ba, saboda rijiya ba ta barin inda aka haƙa ta.

Da aka dawo mana da littattafanmu, ta sami maki uku cikin ashirin. An rubuta mata da jan biro cewa rijiya ba ta magana, ta sake. Ta sake, ta rubuta irin namu, ta sami sha biyar. Amma lokacin tara monita ya karɓi na farkon ya karanta mana da ƙarfi, kuma ajin da ba ya taɓa yin shiru ya yi tsit har ya kai ƙarshe.

Ba mu rubuta wannan don mu kai ƙarar kowa ba. Malaminmu ya bi tsarin da aka ba shi, kuma muna girmama shi. Mun rubuta ne domin wannan abu ya sa mun yi ta tambayar kanmu: shin laifi ne mutum ya ba da labari ta hanyar da ba a saba ba? Da muka kai tambayar wurin malamar da ke kula da ƙungiyarmu, ba ta ce mana i ko a'a ba. Washegari sai ta zo mana da wani ɗan siririn littafi da bangonsa ya tsufa, ta ce mu karanta, mu kuma binciki wadda ta rubuta shi. Sunan littafin So Aljannar Duniya. Wadda ta rubuta shi Hajiya Hafsatu Abdulwahid.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, wannan baiwar Allah ta yi shekaru masu yawa tana zaune a Gusau. Gusau ɗin nan da iyayenmu ke zuwa kasuwa su dawo a yini ɗaya. Mun tambayi 'yan ƙungiyarmu ko akwai wanda ya san haka, babu ko ɗaya. Mun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen, mun san lambar rigar kowannensu, amma ba mu san cewa mace ta farko da aka buga wa littafin ƙagaggen labari da Hausa ta zauna a babban birnin jiharmu ba.

Ga abin da muka samu game da ita. An haife ta a birnin Kano a shekarar 1952, kuma Bafulatana ce. A Kano ta yi makaranta, kuma tun tana 'yar makaranta take rubuce-rubuce. An yi mata aure da ƙuruciya, amma aure bai raba ta da biro ba. Labarin So Aljannar Duniya ma ba daga nesa ta ɗauko shi ba. Daga cikin gidansu ta samo tushensa, daga abin da ta gani lokacin da yayarta ta auri wani Balarabe, aka yi ta fama da bambancin al'ada. Wato abin da ke gabanta ta kalla, kamar yadda 'yar ajinmu ta kalli rijiyar unguwarsu.

Domin a gane girman abin da ta yi, sai an koma baya kaɗan. A shekarar 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a Zariya, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Duk maza ne. Ba wai mata ba su taɓa rubutu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rubuta waƙoƙi masu yawa tun kafin zuwan Turawa, ta kuma karantar da mata. Amma a fagen ƙagaggen labari bugagge, an yi fiye da shekara arba'in ba a ga sunan mace a bangon littafi ba.

Sai a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya sa wata gasa. Wannan NNPC ɗin na littattafai ne, ba na man fetur ba. Hajiya Hafsatu ta aika da nata labarin. Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo na ɗaya da Mallakin Zuciyata, ita ta zo ta biyu, Magaji Ɗambatta ya zo na uku da Amadi Na Malam Amah. A 1980 aka buga littattafan. Tana da shekara 28 a lokacin.

To, mene ne sabo a cikin littafinta? Yawancin labaran da suka gabata na jarumai ne maza. Namiji ne ke fita duniya, ya yi yaƙi, ko ya yi wayo, ko ya nemo wani abu a wata ƙasa ya dawo gida. Mace takan zo ne a gefe, ko uwa, ko matar da za a ba jarumi. Ita kuwa sai ta ɗauko yarinya Bafulatana mai suna Boɗaɗo ta sa ta a tsakiyar labari. Boɗaɗo tana son wani saurayi mai suna Yasir wanda ba ɗan ƙabilarsu ba ne, kuma ta buɗe baki ta gaya wa manyanta abin da ke ranta. Duk wanda ya san irin kunyar da ake koya wa 'ya mace, balle a gidan Fulani, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda rikicin labarin ya fara ba fadar sarki ba ce. Cikin gida ne, tsakanin yarinya da danginta. A yau wannan ya zama ruwan dare, har mun gaji da shi a finafinai. Amma a wancan lokaci hanya ce da ba a taka ba, kuma da ta tsaya tana jiran wani ya fara takawa, da mai yiwuwa an ƙara wasu shekaru ana jira.

Ba ta tsaya nan ba. Ta rubuta wasu littattafan, ciki har da 'Yardubu Mai Tambotsai, da na nasiha da na addini, da waƙoƙi. Ta shiga aikin kare haƙƙin mata a nan Zamfara. Har ma ta fito neman tsayawa takarar gwamnan jihar nan a zaɓen 2003. Abin bai yiwu ba, kuma mutum yana iya yarda da wannan mataki nata ko ya ƙi. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne halin bai canza ba: in ta ga wurin da aka ce mace ba ta shiga, sai ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar.

Bayanta wasu suka biyo. Wadda ta fi taɓa mana zuciya ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, wanda hotonsa ke jikin naira ashirin. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, wato sa'ar mafi yawanmu a wannan aji. Ta sha faɗin cewa wannan ne ya sa take rubutu da Hausa maimakon Turanci. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin wata yarinya Abu da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga wani dattijo, ta gudu Kano, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar asibiti. A wannan shekarar kuma ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. A cikinsa ba budurwa ba ce jarumar. Rabi ce, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya kora saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta. Wannan ma sabon abu ne, a ce matar da aka saka ita ce ke riƙe da labari. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, a ƙasar Indiya. Yarinyar da aka cire daga aji, ga shi ana karanta ta a ƙasashen da ba su san inda Kano take ba.

Ra'ayinmu a nan shi ne: duk salon da muke ganin tsoho ne a yau, akwai ranar da wani ya gwada shi da farko, mutane suna kallonsa a karkace. Makarantar da ke koya mana sunayen waɗannan marubuta domin jarrabawa, bai kamata ta hana mu yin abin da ya sa aka san sunayensu ba.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganganunsu ba na banza ba ne. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko za su ce rijiya ba ta magana, kuma koya wa yara rubuta abin da ba zai yiwu ba koya musu ƙarya ne. To, muna roƙon a buɗe Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda babu makarantar da ba ta yarda da shi ba. Wane ne ke ba da yawancin labaran ciki? Aku ne. Tsuntsu ne ke riƙe ɗan sarki da hira dare bayan dare, har daga baya aka naɗa shi waziri. Ba mu taɓa jin an ba Abubakar Imam uku cikin ashirin ba. Kafin shi ma, kakanninmu sun sa Gizo da Ƙoƙi da kura sun yi magana a tsakar gida da dare, kuma babu yaron da ya tashi yana zaton kura na jin Hausa. Kowa ya san inda tatsuniya ta dosa. Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Rijiyar ajinmu ba ta yaudari kowa ba. Hasali ma ta faɗi gaskiyar da mu masu maki sha biyar muka tsallake, wato cewa garinmu na bana ba irin na shekarun baya ba ne.

Na biyu za su ce jarrabawa tana da tsarinta, kuma mai duba takarda a can ba ruwansa da salo, gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa yake nema. Wannan gaskiya ne, kuma ba ma son mu faɗi jarrabawar aji uku saboda taurin kai. A ci gaba da koya mana insha'in jarrabawa, a kuma matsa mana a kansa. Amma ba duk rubutu ne na jarrabawa ba. Wanda aka koya wa tafiya a layi ranar fareti, ba a hana shi gudu a filin ƙwallo. Muna neman fili na biyu ne kawai, inda za a auna rubutu da tambaya ɗaya: shin ya sa mai karatu ya ga abin da bai gani ba a da?

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, za su ce littattafan Hausa na zamani suna ɓata tarbiyya, suna cinye lokacin karatu, shi ya sa ake ƙwace su a aji. Ba za mu yi musu ba, akwai marasa kyau a cikinsu. Akwai waɗanda mu kanmu za mu ji kunyar a gan mu da su. Kuma duk wanda aka kama yana karanta labari a ƙarƙashin benci ana darasin lissafi, ya cancanci hukunci. Amma a 2007 an tara irin waɗannan littattafai an ƙona su a bainar jama'a a Kano, kuma labaran ba su ƙare ba. Yau a cikin waya ake karanta su, inda babu malamin da ke ganin bangon littafi balle ya ƙwace. Idan aka haɗa mai kyau da marar kyau aka yi musu kuɗin goro, yaro ba zai koyi bambanta su ba. Zai dai koyi ɓoyewa. Maganin mugun littafi shi ne a sa mai kyau a hannunmu, a zauna da mu a tambaye mu abin da muka fahimta.

Mu ma muna da namu laifin, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Akwai waɗanda in an ce a yi sabon salo, za su rubuta shirme layi biyar su ce gwaji ne. Akwai waɗanda har yanzu ba sa sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya, suna haɗe kalmomin da ya kamata a raba. A kan wannan kam jan biro ya yi aikinsa, ba ma neman sassauci. Hajiya Hafsatu ba da shirme ta zo ta biyu a gasa ba. Sai da ta iya Hausar, ta zauna ta rubuta labari tun daga farko har ƙarshe, sannan ta aika. Gwaji ba hanyar gudun aiki ba ce. Wanda zai sa rijiya ta yi magana sai ya fi kowa sanin rijiya.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan insha'i ɗaya? Dalilinmu shi ne, mu yaran Zamfara muna da labaran da insha'in "Garinmu" ba ya iya ɗauka. Muna firamare a 2021 lokacin da aka sace ɗalibai mata 279 a Jangeɓe. A watan Satumba na shekarar aka rufe makarantun jihar nan, aka kuma katse layukan waya. Mun zauna a gida muna jin manya suna magana ƙasa-ƙasa. Daga Tsafe har Bunguɗu babu wanda bai san wani da ya bar gonarsa ba. A ajinmu akwai bencin da mutum uku ke zama a aji ɗaya, yanzu saura biyu. Waɗannan abubuwa suna da nauyin da yaro ba ya iya faɗinsu kai tsaye. Wani lokaci tsoro ne, wani lokaci kunya, wani lokaci kuma ba a so a ambaci sunan kowa. Amma in aka ba rijiya baki, ko bishiyar kuka, ko tsohon keke, sai maganar ta fito ba tare da an tona asirin kowa ba. Wannan ba wasa ba ne, hanya ce ta faɗin abin da ya toshe maƙogwaro.

Kuma akwai masu jiran irin wannan rubutu. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, kuma labarin da ya fara cin gasar, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. In ba mu koyi rubuta namu ba, wasu da ba su taɓa shan ruwan garin nan ba su ne za su rubuta mu, kuma a rubutunsu adadi kawai za mu zama.

Saboda haka muna miƙa roƙo huɗu, cikin ladabi.

Ga shugaban makaranta, ranka ya daɗe, muna roƙon a yarda mana da kusurwa ɗaya ta wannan bango, mu sa mata suna Kusurwar Gwaji. Duk mako biyu za mu liƙa labari ɗaya da aka rubuta ta hanyar da ba a saba ba, bayan malamar ƙungiya ta duba shi. Ba ya bukatar kuɗi, kwali da gam kawai ne, kuma muna da su.

Ga malaman Hausa, muna roƙon ku zaɓa mana littattafai da kanku, a sa su a akwati ɗaya mai kwaɗo a ofis, a riƙa ba da aro ranar Juma'a a dawo da su Litinin. A fara da So Aljannar Duniya da Wa Zai Auri Jahila? tare da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, domin mu ga tsohuwar hanya da sabuwa gefe da gefe. 'Yan ƙungiyarmu sun yarda za su yi karo-karo daga kuɗin tara don a sayi na farko.

Ga malaman da ke ƙwace littafi, muna roƙon kafin a yaga, wani malami ya karanta. In marar kyau ne a kira iyaye a ba su. In mai kyau ne a riƙe shi har ƙarshen zango, ko a sa shi a cikin akwatin.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuma, maza da mata, kada a ba mu bango mu bar shi fayau. Ku duba abin da ke gabanku. Hajiya Hafsatu auren yayarta ta duba, Hajiya Balaraba abin da ya same ta tana da shekara 13 ta duba. Babu wadda ta jira sai ta je wata ƙasa kafin ta sami abin rubutawa. Ku kuma maza, kada ku ce wannan harkar mata ce. Ku ne kuke zuwa gona da kasuwa da tasha, kuna jin abin da mu ba ma ji.

A hannun dama na wannan takarda mun liƙa insha'in rijiyar, da izinin mai shi da na malamarmu. Mun sake kwafe shi da hannu don kada a gane rubutunta, kuma mun gyara ƙugiyoyi biyu da ta manta. A ƙarƙashinsa akwai farar takarda da fensir ɗaure da zare. Duk wanda ya karanta, malami ko ɗalibi, ya rubuta makin da yake ganin ya dace cikin ashirin, da dalilinsa a layi ɗaya. Za mu kawo muku sakamakon a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Don Allah kada a tafi da fensirin.



Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.